Cinyar Kazar Malam Liang

Dengfeng, Guangzhou, 11 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Saffana, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Ibrahim Khalil da baƙuwar da Allah Ya kawo mana. Barka da arziki. Allah Ya raya ta, Ya ba ki lafiyar shayarwa.

Mun yi magana a waya, amma kin ji yadda muryata ta ƙi fita. Shi ya sa na ɗauko biro. Ba a banza na zauna kan bencin yara a ajin yamma na Fagge da furfurata ba. Zan rubuta da hannuna, in ɗauki hoton takardar in turo miki.

Na kalli hoton amaryata har batirin wayata ya mutu. Hancin nan nawa ne, kada dangin mijinki su kawo wata magana. Ki gaya mata angonta yana China yana haɗa lefe.

Ba zan samu zuwa suna ba. Fasfona yana ofis ana sabunta mini takardar zama, ba zai fito ba sai an shiga sabuwar shekara.

Lokacin da labarin ya zo ina sitonmu na Baiyun, tsakanin kwalaye. Na waiwaya in gaya wa wani, ban ga wanda zan gaya wa ba. Alhazan da muka zo tare duk sun koma gida, yanzu ta waya ake sayen kaya. Sharif da Abdoulaziz, masu ɗaure mini kaya, mutanen kirki ne, amma da na shigo sai hira ta mutu, kowa ya miƙe. A nan ni Lauban ne, wato maigida, kuma ba a hira da Lauban.

Mutum ɗaya ne ba ya miƙewa, Malam Liang, dattijon direbana. Shekara da shekaru kullum da safe shi ke dafa shayi, ya ajiye kofi biyu a bakin sito, mu zauna muna kallon motoci. Ba ya jin Hausa, ni kuma Sinancina bai wuce "na gode" da "babu" ba. Amma ranar ya tafi tashar jirgin ruwa ta Nansha, tare da sabon direban da na ɗauko ya riƙa taimaka masa saboda ciwon bayansa. Na riƙe labarin a cikina. Irin wannan ba a faɗinsa a tsaye, zan bari sai ranar suna, in ma na samu inda zan faɗa.

Ki gaida kowa da kowa. Ki huta lafiya.

Mahaifinki,
Alhaji Babayo

*

Kano, 13 ga Disamba

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya sanyin China? Amaryarka ta ji saƙo, ta ce lefen kada ya zo da atamfa mai zuba. Maganar hanci kuwa, zan yi shiru don a zauna lafiya.

Wasiƙarka ta sa ni kuka, sai da Gwaggo Mero ta ƙwace wayar. Ina kwance ina tunaninka sai na tuna wani darasi da nake koya wa ɗalibaina a ajin tarihi, don ranar sunanmu ta faɗo daidai ranar da ake fara shi. Rumawan dā suna da wani biki a tsakiyar hunturu, sunansa Saturnaliya. Lokacin da rana ta fi gajarta, sai su rufe kotu da makaranta, su riƙa ba juna kyautar kyandir. Abin da ya fi ba ɗalibaina dariya shi ne, a bikin bayi ne ke zama a ci abinci da su, a wasu gidajen ma maigida ne zai tsaya yana zuba musu.

Kafin ka ce a'uzubillahi, Baba, ban ce ka bi gunkinsu ba. Shi ya tafi da masu bauta masa. Abin da ya rage mana mu duba shi ne, ko su da ba su da littafi sun gane cewa mutum yana bukatar ya sauko daga kujerarsa, ya ga fuskokin waɗanda ke ɗauke da ita. Ni a ganina ba bawan kaɗai ake hutar wa ba. Shi ma maigidan yana samun rana guda da ba a tsoronsa.

Ranar suna ka dafa musu abinci, ka zuba musu da hannunka. Idan sun ƙoshi ka nuna musu amaryarka.

Allah Ya ƙara girma. 'Yarka,
Saffana

*

Dengfeng, 18 ga Disamba

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Allah Ya raya Amira, suna ya yi daɗi. Na kalli hotunan duka, na ga ragon ma ba laifi.

Da farko na ce me ya haɗa Alhaji da bikin maguzawan Rum. Amma da na idar da sallah na zauna, sai na ga ai mu ma malamai sun sha gaya mana mu ciyar da na ƙasa da mu irin abin da muke ci. Mu aka gaya wa, su suka yi. Sai na tashi.

Na je wurin Hajiya Habsatou, 'yar Maraɗin nan mai gidan abinci a layinmu, na ce ta ara mini murhu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya ko lafiyata ƙalau. Na sayo kaji a wurin mahautan Musulmi, na yi farfesu irin wanda mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, take yi. Albasa ta sa ni hawaye, Hajiya tana gefe tana cewa wannan yanka ba na miya ba ne, na gini ne. Har kyandir na saya, kowa ɗaya.

Muka shimfiɗa kwalaye a sito bayan la'asar. Na ce kowa ya zauna. Sharif ya yi tsalle zai karɓi ludayi, na ce yau in ya taɓa shi sai mun ɓata. Abdoulaziz ya ce, "Alhaji, in mutuwa za ka yi ka gaya mana mu shirya." Aka yi dariya. Rabon da a yi dariya ina wurin har na manta.

Na fara da babba, kamar yadda aka saba. Na tsamo cinya mafi girma, na haɗa da ƙundu, rabon maigida, na sa a kwanon Malam Liang da hannuna.

Uwata, mutumin nan ya daɗe yana kallon kwanon. Ya dubi sabon direba, ya dube ni. Ya ɗan gutsiri naman ya ci. Sannan ya tashi, ya ciro makullin mota ya ajiye kusa da kwanon, ya rusuna mini, ya ce "Na gode, Lauban," ya fita. Kyandir ɗinsa ma bai ɗauka ba.

Na nuna wa sauran hoton Amira, suka yi ta addu'a, amma ni hankalina yana bakin ƙofa. Yau da safe babu shayi. Na kira wayarsa ba ya ɗagawa. Ko yaji ne ya yi yawa? Ko ƙundu abin ƙi ne a wurinsu? Ke da kika yi karatu, me littafin Rumawan ya ce a yi idan baƙo ya tashi?

Mahaifinki,
Babayo

*

Dengfeng, 19 ga Disamba

Uwata,

Gaisuwa a taƙaice, don na gano abin da ya faru. Hajiya Habsatou ta ba tsohuwar 'yar China mai gidan da take haya labari, tsohuwar ta dafe kai. Ashe a wurin mutanen dā na garin nan, idan maigida ya tara ma'aikatansa cin abinci a ƙarshen shekara, ya ɗauki kaza da hannunsa ya sa a kwanon wani, to ya sallame shi ke nan. Haka suke kora ba tare da an buɗe baki an kunyata mutum ba. Har suna gare ta, wai kaza marar tausayi. Yaran yanzu ba su san ta ba, shi ya sa sabon direban ya ci gaba da tauna. Amma Malam Liang tsoho ne, ga ciwon baya, ga saurayi na ɗauko na zaunar a motarsa.

Na sa an rubuta masa saƙo da yarensu cewa ba haka ba ne. Ya amsa da cewa Lauban mutumin kirki ne, kada ya damu, ya gane. Wato ya ɗauka lallashi nake yi.

Yau ni na dafa shayin. Bai yi daɗi ba. Na zauna a bakin sito da kofi ɗaya ina kallon motoci, na ga ashe duk zaman da na yi a ƙasar nan a kan kofin can na biyu ya tsaya. Ba direba na rasa ba, direbobi suna nan da yawa.

Ki sumbaci Amira. Kada ki sa damuwa a ranki, kina jego.

Babayo

*

Kano, 20 ga Disamba

Baba,

Ina gaisuwa. Ibrahim Khalil ya ce in ba ka haƙuri, wai matarsa ta aiko da Rumawa sun kori direba a China. Na yi dariya, na kuma ji kunya. Na san abin da aka yi a Rum shekara dubu biyu da suka wuce, ban san abin da ake yi a layinku ba.

Littafi bai ce komai ba a kan baƙon da ya tashi. Amma Baba, rabin abin ka yi. Ka zuba abinci, sai dai a sitonka, da ludayinka, kuma kai ka zaɓi wanda za a ba cinya. Har yanzu kana kan kujerar. Saƙon waya ma daga kan kujera yake zuwa. Ka san gidansa? Ka je. Ka zauna inda ya nuna maka, ka ci abin da ya ba ka in ya halatta.

Allah Ya daidaita. Taka,
Saffana

*

Dengfeng, 23 ga Disamba

Uwata,

Sallama. Ban san gidan Malam Liang ba, sai da aka yi mini tambaya. Can bayan Huadu ne. Jiya na tafi da jikar tsohuwar nan mai gidan haya don ta yi mana tafinta, da sabon farfesu a kula.

Ashe ranar su ma bikinsu ne na gajeriyar rana, gida cike da 'ya'ya da jikoki. Na ga ya ji nauyi, ya rasa inda zai ajiye ni. Na zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa. Na buɗe kular, na miƙa masa ludayi, na tura kwanona gabansa. Na ce a gaya masa, in dai kaza kora ce, to ya kore ni ni ma, mu tashi babu mai aiki. Sannan na ajiye wayata a kan tebur da hoton Amira.

Ya dubi hoton, ya dubi hancina, ya nuna wa matarsa. Ya tsamo cinya ya sa mini. Ya ƙara da ƙundu.

Matarsa ta kawo wasu 'yan curi na garin shinkafa a ruwan citta mai zaƙi. Shi da kansa ya ce a gaya mini babu abin da ba na ci a ciki, ya san ni. Na ba shi kyandir ɗinsa. Bai ce zai dawo ba, ni ma ban tambaya ba. Makullin motar na bar shi a aljihuna, don kada ziyara ta koma aiki.

Yau na iso sito da sassafe, sanyi har ƙashi. Babu kowa a bakin ƙofa, sai buta tana tururi da kofi biyu. Bari in ajiye biro, na ji tarinsa a bayan mota.

Ki gaya wa amaryata an kori angonta daga aiki, lefe zai ɗan makara.

Mahaifinki,
Babayo