Injin da Na Ce Ya Mutu

Alhaji Garba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma shekara talatin ina yi maka bayanin duk abin da na taɓa a motarka, ban ga dalilin fasawa yanzu ba.

Gida lafiya. Gonarka ta hanyar Dandume bana masara da waken suya aka shuka, an bar auduga. Uwargidanka Hajiya Binta dai ciwon ƙafar nan ne, duk sati biyu sai an kai ta asibiti Malumfashi, motar haya kuma tana ba ta wuya. Shi ya sa 'yarka Rabi ta zo garejina bayan sadakar arba'in ɗinka, ta ce in tayar da motar ko ta wace hanya.

Na sauke injinka mai injekta, mai fesa fetur da lantarki. Na ɗora wani ɗan Kwatano mai kafireta, irin wanda kowane bakanike zai iya gyarawa a bakin titi. Kujerun inji ba su zo daidai ba, sai da mai walda ya ƙera wasu. Famfon mai na lantarki da ke ƙarƙashin tanki na cire shi, don ya fi ƙarfin kafireta. Salansa an yanka an ƙara. Kwana tara muka yi. Yanzu bugu ɗaya take tashi, na kai ta Bakori na dawo ba gargada. Ƙararta ce kawai ta canza.

Ka tuna bara, lokacin da in an yi 'yar tafiya sai ta shaƙe ta mutu? Na ce maka injin ya gama yayi, a canza. Ka ce injin da ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai, bai mutu ba, in duba injekta. Na ce maka, a gaban mutane, taurin kai ne ke damunka. Ka sa aka tura ta gida, ka lulluɓe ta da tamfol. Daga ranar sai gaisuwar masallaci. Da ka kwanta na zo dubiya sau biyu, ba wanda ya tayar da zancen.

Ga abin da ban faɗa maka ba. Ban iya injekta ba, Alhaji. Ban taɓa koyo ba. Duk shekarun nan filogi da baƙin mai da burki nake canza mata, ita kuma ba ta taɓa neman fiye da haka ba, sai na bar ka kana yabona a kasuwar hatsi. Me zai ci ni in na ce ban sani ba? Mutum huɗu ne kawai a kan bencin gareji ranar da muka yi musun, biyu ma barci suke yi.

Bayan an gama aikin, tsohon injin yana kan tayoyi a lungun gareji. Wata Juma'a ba aiki, na buɗe shi. Fistin lafiya, ringi lafiya. A bakin inda mai ke shiga injekta na tarar da wata 'yar rariya, ba ta kai kan ƙaramin yatsa ba, tsatsa ta toshe ta. Na wanke ta da fetur. Na mayar da komai, na haɗa batir da famfo da jarka. Ya tashi. Ya zauna lumui kamar yadda ka san shi. Ba lagireto a jikinsa, don haka na kashe kafin ya ɗau zafi.

Da la'asar na je gidanka na gaya musu duka, na ce zan mayar da shi in suna so. Rabi ta ce a bar sabon, don in aka mayar da mai injektar, motar ta tsaya mata a hanya da Hajiya a ciki, ba ta san wa za ta kira ba. Ban ga laifinta ba. Hajiya abu ɗaya ta tambaye ni, ko na taɓa gaya maka ban iya ba. Na ce a'a. Sai ta ce a kawo mini ruwa.

Kai ne da gaskiya. Da na faɗi haka bara, da motarka ce ta kai ka asibiti, ba ta maƙwabci ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Ka yafe mini.

Abokinka,
Iro Bakanike, Funtua