Tsuntsun da Ya Sa Na Rasa Suna

Juma'a, 4 ga Afirilu, 1975

Gobe sunan 'yar da ƙanwata Habiba ta haifa a Fankshin, kuma sunana za a sa wa jaririyar. Alkaki ya kammala, atamfata ta dawo daga wurin tela. Maigidana Malam ya ce Sambo, direban ofishinsu, shi zai ja mu a motarmu. Malam ɗin da ko yara ba ya bari su jingina da Fijon nan! Ni dai in riski taron mata.

Lahadi, 6 ga Afirilu

Jiya ban iya rubutu ba don haushi.

Mun bar Unguwar Sarki a Kaduna da asuba, mun wuce Jos lafiya, saura ƙiris mu isa. Sai ga wasu baƙaƙen duwatsu a gefen hanya, Malam ya ce, "Sambo, tsaya nan." Na zaci alwala zai yi. Ashe madubin hangen nesa ya zaro, wanda wani Bature ya bar masa tun yana sabon ma'aikacin safiyo, masu auna ƙasa. Tsuntsu! Wallahi tsuntsu muka tsaya kallo, can ana jirana da jaririya.

Ya ɗora a ido ya yi ta murzawa, sannan ya miƙo min. "Rahmatu, duba min baƙin nan na kan dutse. In ya tashi, ƙarƙashin fiffikensa ja ne?" Na duba, tsuntsu ya tashi. Na ce ban ga komai ba. Ni ce 'yar aiken tsuntsu?

Wannan bai ishe shi ba, sai kogo. Wai tsaunin ya taɓa aman wuta tun duniya tana ɗanya, wai shi ya auna wurin yana saurayi. Ina ruwana? Ya shige ko tocila babu. Na jira har inuwa ta juya, na bi shi in fito da shi. Duhu, sanyi, wari, jemagu suna yi min fifita a ka. Na iske shi yana shafa bango kamar mai lallashin doki. Da za mu fito ya kama min wuyan hannu ƙam, har bakin mota, a gaban Sambo. Da girmanmu!

Sai bayan magariba muka isa. Mata sun watse, an kife tukwane, atamfata duk kashin jemage. Na miƙa hannu in ɗauki takwarata, uwar mijin Habiba ta janye ta, ta ce, "Baiwar Allah, a fara watsa ruwa tukuna." Habiba ko kallona ba ta yi ba.

Litinin, 7 ga Afirilu

Mun dawo Kaduna. Ba zan ƙara yi masa magana ba sai ya je ya ba Habiba haƙuri da bakinsa. Tuwo zan ajiye in tashi.

Alhamis, 10 ga Afirilu

Ya tsiyaya shayi a kan tabarma, ga kofi a gefe. Ban ce uffan ba. Hankalinsa yana wurin tsuntsu.

Asabar, 12 ga Afirilu

Masu dawowa daga suna sun biyo. Wai a can yara sun laƙaba min Inna Mai Jemage. Da wannan sunan takwarata za ta tashi ta san ni ke nan.

Talata, 15 ga Afirilu

Na haɗu da matar Sambo a Babbar Kasuwa, wajen masu kayan miya. Bayan gaisuwa ta ce, "Ya jikin Malam? Allah ya sa a dace da aikin na Kano." Na ce wane aiki? Ta kama baki.

Ko gyale ban cire ba na tsaya a kansa, gaba ta ƙare. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗa. Idon hagu ya tafi tun bara, na dama yana bin sa. Wata mai zuwa za a gwada yi masa aiki a asibitin ido, likita bai ba da tabbaci ba. Ya ce, "Na so in ƙara ganin wurin ne, ko da da idonki."

Na ce shi ne direba ya sani, matar direba ta sani, ni da nake dafa masa abinci sai a kasuwa zan ji? Ya ce faɗana yake tsoro. To, ya sha shi kuwa, har maƙwabta sun samu rabonsu.

Laraba, 16 ga Afirilu

Na tuna riƙon hannun nan. Ashe hanya ce ba ya gani, ni ina can ina jin kunyar Sambo. Wannan ma ya ba ni haushi.

Asabar, 19 ga Afirilu

Hadari ya haɗu bai zuba ba. Shamuwa sun sauka a kan rimin bayan gida. Madubin yana kan taga, na ɗauka ne kawai in goge shi. Na gaya wa bango, ba Malam ba, cewa sun fara ɗibar kirare za su yi sheƙa. Malam ya juyo da kujerarsa wajena.

Maganar haƙurin Habiba tana nan, ban yafe ba. Za mu koma Fankshin kafin tafiya Kano. Na gaya wa Sambo da wuri za mu fita, a taho da tocila. Tsohon zane zan ɗaura, atamfar a jaka.

Da na ajiye masa tuwon dare na ce, "Ja ne."

Ya ce, "Me?"

"Fiffiken. Ja ne kamar manja."

Ya daɗe bai sa hannu a kwanon ba. Miya ta huce, na ce ni ba zan sake ɗumamawa ba.

Na ɗumama.