Saurar Makarantarmu Ba Ragowar Fili Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabon Filaye na shiyyarmu, Zuru.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ce malamar darasin noma a makarantar sakandare ta al'umma da ke gindin dutse, a bakin sabuwar unguwa. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini in dawo gobe. Shi ya sa na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a.

Na farko. Makarantarmu tana da gona, wadda iyayen yara suka bayar tun ana karatu a ƙarƙashin rumfar kara. Mun raba ta uku. Kowace damina muna noma kashi biyu, mu bar ɗaya ya zama saura, wato ya huta, gamba da tofa su rufe shi, awakin maƙwabta su zuba masa taki. Da wannan nake koya wa ɗalibai cewa ƙasa ma tana gajiya. A nan suke yin gwajin jarrabawarsu ta ƙarshe, kuma dawar da muke girbewa ita ce tuwon 'yan kwana da suka zo daga Mahuta da Kanya da Ribah.

Na biyu. A lokacin dogon hutu, mai awon filinku ya zo ya tarar da ciyawa har ƙugu a kashin da ke hutawa. Ya tambayi mai gadinmu, Baba Audu, tsohon soja, ko wurin na wane ne. Baba ya ce masa saura ce. Jami'inku ya rubuta “saura” a taswira, kwamitinku ya karanta shi a matsayin abin da ya rage bayan rabo. Da muka dawo hutu, sai muka iske tubalan siminti masu lamba a tsakiyar gonarmu, an yanka ta fuloti-fuloti.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da na kai ƙorafi, sakatarenka ya yi dariya, ya ce laifin Hausar tsohon ne, wai mutanen kan dutse ba su iya bayani ba. Ranka ya daɗe, gaskiya ne yaren C'lela Baba Audu ya sha a nono, Hausa kuwa a kasuwa da bariki ya koye ta. Amma shi ne ya faɗi daidai. Saura ce ya ce, bai ce saura ne ba. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san saurar gona daban, sauran fili daban. Tsohon nan ya yini bai ci abinci ba, yana cewa bakinsa ne ya sayar da gonar yara. Ba zan yarda a ɗora masa kuskuren mai digiri ba.

Na huɗu. Kada a ce ina adawa da ci gaba. Ina murna da yadda Zuru ke buɗewa. Tsofaffin sojojinmu suna dawowa gida suna son wurin da za su sa haƙarƙarinsu, 'yan kasuwa daga kudu suna buɗe shaguna, ga sandunan wayar salula sun tsaya a kan tudu. Amma kowane gida da kuka ba da izinin ginawa, yara ne zai turo mana. Ajin da nake shiga yanzu, wasu a kan taga suke zama. Yaya gari zai ƙaru, makarantarsa kuma ta ragu? Na ga taswirar a teburin sakatarenka: babu filin wasa, babu wurin ƙara aji, ko hanyar da ruwan dutse zai bi ba a bari ba.

Don haka ina roƙon a soke rabon da aka yi a gonarmu, a ba waɗanda aka yanka wa fuloti wani wuri, domin su ba su da laifi. A shata iyakar makarantar a rubuce, gaban dattawan da suka ba da filin. Sakatarenka kuma ya zo ya ba Baba Audu haƙuri a inda ɗalibai za su ji.

Ina kuma sanar da kai, don kada a ce an yi a ɓoye: bana ne hutun wannan kashi ya ƙare. Iri yana hannu, an wasa fartanyoyi. Ranar Asabar ta farko bayan ruwan shuka, ni da ɗalibaina za mu shiga mu shuka dawa. Ba za mu taɓa tubalinku ko ɗaya ba, za mu ja kunyoyin shuka mu kewaye su. Duk wanda zai haƙa harsashin gini a wurin, sai ya tumɓuke shukar yara da hannunsa, da rana tsaka, ina tsaye ina kallonsa.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya raya maka zuriya.

Wassalam.

Malama Rahila Bawa,
Malamar noma, Zuru.