Kwalaben da Suka Zo da Masu Umra

Unguwar Mansur, Makka
Rajab, 1436

Yaya Saudat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da yara, da ciwon gwiwa. Tunda kunnenki ya daina ɗaukar waya, ga takarda ta hannun Malam Salihu, wanda ya gama umra zai koma.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Kin san ciwon ɗiyata Manal, talasimiya, wanda ya sa ake ƙara mata jini duk wata tun tana goye. Jiya a mustashfa, wato asibiti, aka yi mata hoton zuciya da irin na'urar da ake duba masu ciki. Daktora ta juyo da allon ta nuna mini. Ashe zuciya murɗawa take yi, samanta ya juya nan, ƙasanta ya juya can, kamar yadda muke matse wanki. Ta Manal ta rage murɗawa. Wai ƙarfen da ke cikin jinin da ake ƙara mata ne ya taru a naman zuciyar.

Abin da ya ɗaure wa daktora kai, ai akwai allurar da Manal ke yi wa kanta don fitar da ƙarfen. Ta tambaye ta ko tana yi. Yarinyar nan mai shekara goma sha tara ta sunkuyar da kai, ta ce, "Aiwa, ina yi." Ni dai tsoro nake ji. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Batulu

Gwammaja, Kano
Sha'aban, 1436

Batulu,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, ta ƙi ni na ƙi ta. Ki gaida maigidanki Idris, ki ce har yanzu ina jiran dabinon da ya yi alkawari.

Ke tun kina ƙarama farin kayan likitoci ke ruɗa ki. Yaushe aka taɓa cire wa mai ƙarancin jini ƙarfe? Ko masu ciki a nan shi ake ba su. Shi ya sa tun zuwana umra bara na ja Manal gefe, na ga jikinta duk tabon allura, har na yi kuka. Na ce ta huta da allurar nan. Duk mai tafiya ina ba shi maganin ƙarin jini na kwalba, mai ƙarfen nan mai tsada, ya miƙa mata a hannu. Na hana ta faɗa miki don na san bakinki.

Ta aiko mini cewa ta ji daɗin rabuwa da allura, har barci take yi sosai. Tunda yanzu zuciyar ta yi rauni, ga kwalabe na ninka, tare da kuka da daddawa. Ki daure ki riƙa ba ta da kanki. Yarinyar nan tawa ce, ba zan zuba ido ba.

Yayarki,
Saudat

Makka
Ramadan, 1436

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Saƙo ya iso, mun gode da kuka da daddawa.

Na karanta takardarki a tsaye, na shiga ɗakin Manal, na sami kwalaben a bayan akwatinta, duk babu komai a ciki. Allurorin kuma suna nan a kwalinsu. Ban iya yi mata faɗa ba, ƙafafunta sun riga sun kumbura.

An kwantar da ita. Maganin fitar da ƙarfen yana shiga ta jijiya dare da rana. Daktora ta ce wani lokaci zuciya kan dawo da murɗawarta, wani lokaci ba ta dawowa. Za a sake hoton bayan salla.

Manal ta riƙe mini hannu ta ce, "Ummi, wallahi kar ki faɗa wa Khala Saudat. Ki ce mata maganin ya yi mini amfani."

To, na faɗa miki abin da ta ce. Yaya, don girman Allah kada ki sake aikowa.

Ƙanwarki,
Batulu