An Liƙa Wa Kayan Ɗakina Sitika A Doha

Assalamu alaikum Anti Admin da mutanen gidan nan masu albarka. Ki taimaka ki ɓoye sunana, akwai matan Doha a cikinmu kuma da sun ga suna za su gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi a tsorace nake, ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai gabana ya faɗi.

Ni 'yar Zariya ce, mijina direba ne a gidan wasu Larabawa a Umm Salal, muna zaune a wani sashe na bayan gidan da suka ba shi. Lokacin da bizata ta fito zan biyo shi, ɗakin ba komai sai katifa da na'urar sanyi. Ummata ta ce sam, ita 'yarta ba za ta tare hannu rabbana ba ko a bangon duniya ne, tunda ba a ɗauko gado daga Zariya a jirgi sai ta sayar da filin da ta gada wajen mahaifinta ta turo kuɗin. Da shi aka saya min kujeru da gado da firij da injin wanki da kafet da talabijin, har kuloli da tukwane. Kun dai san yadda abin yake a wajenmu, kayan ɗaki na mace ne, ko aure ya mutu da su take fita.

Da na zo zaman kaɗaici ya ishe ni, maigida yana fita tun safe, ni kuma Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. Wata rana a kanti a Mesaimeer wata mata ta ji ina waya da Hausa ta tsayar da ni, ashe nas ce 'yar Kafanchan, Sista Rifkatu, tana neman wadda za ta riƙa riƙe mata ɗanta idan tana shifti. Na karɓa da murna, ita ta kawo wata, wata ta kawo wata, kafin in ankara falona ya cika da yara. Matar kafil ɗin mijina, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin bizarsa, wadda muke ce wa Madam, ta ga ana ta sauke yara a ƙofa ta kira ni, ta ce yin wannan ba lasisi haɗari ne babba, amma za ta yi rajista da sunanta ni in shiga a matsayin abokiyar kasuwanci mu riƙa raba riba. Har kuka na yi don daɗi, na ce Allah ya haɗa ni da uwa a ƙasar mutane.

Bayan rajista ta turo akantanta, wani mutum mai gilashi mai saurin Turanci. Ya ce tunda ni baƙuwa ce akwai haraji a kan kasona, amma akwai hanyar rage shi, wai difirishiyeshan. Yadda na fahimta, duk abin da yara suke amfani da shi yana tsufa, to kowace shekara sai a lissafa tsufan a matsayin asara a cire daga ribar kafin a yanka haraji. Na ce ai kuwa gaskiya ne, don yaran nan sun mayar da kujeruna filin tsalle, kafet ya sha fitsari da madara, injin wanki kuwa ko Juma'a ba ya hutawa. Jama'a sai ga ni ina zagayawa da shi kamar 'yan ganin ɗakin amarya sun zo, ina buɗe wannan ina nuna wancan ina faɗin kuɗinsa da alfahari. Shi da bakinsa ya ce a bar gado, ni uwar iyayi na ce a'a a saka, ai jarirai a kai suke barci. Ya rubuta komai da Larabci da Turanci na sa hannu, ni Turancina na sakandare ne, ban san cewa sa hannun nan yana nufin kayan sun zama na kamfani ba. Shekara uku duk sanda ya zo ya ce darajar kayana ta ƙara faɗuwa sai in ce alhamdulillahi, har shayi nake dafa masa.

To yanzu Madam ta sayar da kasuwancin ga wata ƙawarta da za ta buɗe babban wajen raino a Nu'aija, da lasisi da kayan kamfani gaba ɗaya. Satin da ya wuce wasu maza biyu suka shigo yara suna cin abinci, suka bi kayana ɗaya bayan ɗaya suna liƙa musu sitika mai lamba, har gadon da nake kwana, suka ce ranar Alhamis mota za ta zo ta kwashe. Na ruga wajen Madam na ce kayan nan uwata ce ta saya min. Ba ta yi faɗa ba, murmushi ma take, ta dafa ni ta ce, “Habibti, khalas,” wato ƙawata magana ta ƙare, “takarda ce ta faɗa ba ni ba.” Ta ce za ta ba ni kasona na darajar kayan yadda take a rubuce, da na ji adadin sai na ga ko kujera ɗaya ba zai saya ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne maganar akanta. Na kira shi ina kuka, ya ce in yi hankali da bakina, idan na dage cewa kayan ba su taɓa zama na kamfani ba, to ragin harajin da aka samu shekara uku ƙarya ke nan, kuma sa hannuna ne a ƙasa. Ya ce ana iya cin tara, ana iya zuwa kotu, ana iya hana mutum fita ƙasar har sai an gama. Ban sani ba ko gaskiya yake faɗa ko tsorata ni yake.

Na ɗauka maigida zai tsaya min, sai ya ce in rufa masa asiri in yi shiru, kaya ne za a sake saya a hankali. Na ce da wane albashin, kuma ko ya saya ai nasa ne ba na Umma ba. Ya ce ni ce da rawar kai na nuna wa baƙo har ɗakin kwana, na ce shi yana ina lokacin, ba yana tsaye yana gyaɗa kai ba? Ya ce zamansa da nawa duk a hannun gidan nan suke, ran da na kai ƙarar Madam ran nan za mu haɗa jaka, kuma iyayensa da ƙannensa da aikin nan suke ci. Tun daga nan sai gaisuwa kawai. Sista Rifkatu kuma ta ce kar in yarda, in nemi lauya tun kafin motar ɗaukar kaya ta zo ranar Alhamis, har ta ce ita da sauran iyayen yara za su haɗa min kuɗinsa. Amma su asibiti ne ya kawo su, ba a bayan gidan Madam suke kwana ba.

Jiya Umma ta kira ni a bidiyo ta ce in zagaya da ita ta ga ɗakina. Ina ta kauce-kauce da wayar amma sai da idonta ya kai kan sitikar firij, ta ce mene ne wannan, na ce yara ne suka liƙa. Ta yi dariya ta ce in ɓamɓare kar ya ɓata fenti, wai duk sanda ta wuce ta gaban filin nan ta ga an yi gini ba ta jin komai, tunda ta san 'yarta tana zaune a kan nata.

'Yan uwa me zan yi? Akwai wanda ya san dokar nan ya faɗa min ko da gaske za a iya kama ni? In nemi lauya in jefa aikin mijina cikin haɗari, ko in buɗe musu ƙofa ranar Alhamis in tsaya ina kallo? Kuma idan na bari suka kwashe, don Allah ku faɗa min da wane baki zan gaya wa Umma cewa da hannuna na nuna musu gadon?