Buya da Ɓuya

Rumasa'u,

Na tafi unguwar Utaibiyya gidan Yaya Hanan. Ba zan iya haɗa ido da mijinki ba yau.

Kin san tsohuwar bas ɗin 'yan makarantar nan da mijin naki Sami ya saya zai mayar wurin shayi. Da safe ya cire kujerun, ya kankare ƙasanta. Tir! Cingam ɗin yara ya daskare da tsatsa, ga mushen ɓera har da jela. Ni ko leƙawa ban so yi ba.

Bayan azahar na zo wucewa ta bakin ƙofarta, sai ya ɗaga murya, "Hajiya, buya! Buya!" Ni kuwa "ɓuya" na ji, na ɗauka maƙwabciyarmu Maryama ce ta biyo ni kan maganar 'yarta da na ɗan taɓa a gidan suna. Ai sai na faɗa ciki na yi zaman dirshan. Ashe da Larabcinsa fenti yake nufi, wanda ya shafa a ƙasan bai bushe ba! Mutum da gemunsa, Hausar ubansa ta gagare shi.

Abayata tana cikin bokiti, warinta kamar mai hawa kai. Kada ki taɓa ta da hannu.

Ki ba shi haƙuri, ki ce ya sake shafa wurin yanzu-yanzu, kuma bakinsa alaikum. In ya bari ya bushe haka, duk alhajin da ya shiga shan shayi sai ya ga faɗin inda uwarki ta zauna.

Innarki