Motar Da Ba Ta Da Kujerar Baƙo

Asabar, 5 ga Oktoba

Mun je Kazablanka ganin motocin kwana, ni da matata Turiya. Tun da na ajiye aikin jarida nake wannan magana: mu sayi mota mai gado da murhu a ciki, mu bi bakin teku har Sidi Ifni, mu biyu. A garejin Si Bushaib biyu ne kawai suka cancanci a tsaya a duba.

Ta farko babba ce. Bayanta falo ne sosai, kujeru sun zagaye tebur ta gefe uku kamar na gidanmu. Idan za a kwanta sai a sauke teburin, a jera katifun, ya zama gado. Akwai wani gadon kuma a saman kan direba, ga kujeru huɗu masu bel ɗin ɗaure fasinja. Ta biyun ƙarama ce, irin motar kai burodi da aka gyara: gado ɗaya kafaffe a baya, banɗaki kamar kabad, kujerun gaba biyu da ake juyawa su fuskanci ɗan tebur. Shi ke nan. Mutum na uku ba shi da inda zai sa kansa.

Na zauna a falon babbar, har ina hango tiren shayi a tsakiya. Si Bushaib ya ce wannan ita ce motar mutanen kirki, ƙaramar ta Turawa ce, waɗanda ko uwarsu za ta zo sai ta nemi izini. Na yi dariya. Turiya ba ta ji ba. Tana cikin ƙaramar, ta cire takalmi ta miƙe a kan gadon, idonta a rufe.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na karanta duk abin da na samu a kan nauyi, tsawo da shan mai. Babbar ta fi ta kowane fanni, in ban da shan mai da shiga lungu. Magana ta ƙare, a ganina.

Litinin, 7 ga Oktoba

Yaya Larbi ya kira daga Azemmur, yana tambayar ranar ganin likitansa a nan Rabat. Na ba shi labarin motar. Kafin in gama har ya raba wurare: shi da matarsa a falo saboda gwiwarsa, mu a gadon sama. Wai zai zo da babbar tukunyar kuskus. Na ce madalla. Turiya tana guga a gefe, ta ji komai.

Talata, 8 ga Oktoba

Ina rubuta wannan yadda ya faru, ba ƙari.

Muna karin kumallo a kicin, don falo akwai masu barci. Ta zuba min shayi, ta tura min man zaitun, sannan ta ce:

"Idan mai falon ka zaɓa, Allah ya kiyaye hanya. Ka ɗauki Yaya Larbi da duk wanda ya samu wuri. Ni zan zauna, in ji yadda gidan nan yake idan babu kowa."

Na ce wasa take. Ta ce a'a. Na ce ai ita ce mai son baƙi, kowa ya shaida, daga nan har Azemmur ana yabon hannunta. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta.

"Abdelilah, tun ranar da ka kawo ni gidan nan ban taɓa fitowa daga ɗakina da safe kaina a buɗe ba. Kullum akwai wani namiji kwance a falo."

Ta ci gaba da cin burodinta. Ni kuwa na ajiye nawa. Shekara talatin da ɗoriya muna tare. Na yi hira da ministoci, na san lokacin da mutum ke ɓoye magana tun daga yadda yake riƙe kofi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na buɗe jarida, na rufe.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Yau na zuba ido kamar an aiko ni ɗauko rahoto daga gidan wani.

Baƙinmu na wannan mako: ɗan kawuna da ya zo neman biza, da gwaggo Hadda mai jiran awon ido, da jikarta da ta rako ta. Duk wanda ke da takarda ko ciwo a danginmu, Rabat zai zo, kuma Rabat na nufin gidana. Na sha yin alfahari da haka. A walimar ajiye aikina har na ce gidana ba shi da ƙofa, aka tafa min.

Abin da na gani: kafin kowa ya farka ta gama kwaɓa burodi. Da suka tashi ta naɗe barguna, ta mayar da matasai, falo ya koma falo. Ta murza kuskus da hannu, ta kawo, ta yi ta tura wa gwaggo nama gabanta tana tsokanarta. Dariyarta ta fi ta kowa ƙarfi. Da ta juya za ta shiga kicin sai fuskar ta mutu ɗif, kamar an kashe fitila.

Falon motar nan ma kullum sai an naɗe shi da safe, a shimfiɗa da dare. Sai yau na lura.

Lahadi, 13 ga Oktoba

A aikinmu ba a buga labari da majiya ɗaya. Na kira 'yarmu Gizlan a Tanja, na yi ta kewaye-kewaye. Ta katse ni: "Baba, sai yanzu ka sani?" Ta ce karatun jarrabawarta ta ƙarshe a saman bene ta yi shi, tsakanin igiyoyin shanya, don an ba wa matar Yaya Larbi ɗakinta. Ta ce Mama ba ta ƙi kowa a cikinsu ba, tana son su ma. Gajiya ce kawai, kuma ba wanda ya taɓa tambaya.

Labari ya tabbata. Ban ji daɗin tabbatarsa ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Na kawo mata sulhu: mu sayi babbar saboda sararinta, ni kuma in yi alkawarin ba za mu ɗauki kowa ba. Ta yi dariya, ta gaske wannan karon. Wai ni da ba na iya wuce mai gadin layi ban ce ya shigo ya sha shayi ba, ni zan kalli yayana in ce masa babu wuri, ga kujera nan fanko tana kallonsa?

"Ƙaramar bel biyu gare ta," in ji ta. "Jandarma zai faɗi abin da bakinka ya kasa."

Ashe abin da ta je dubawa ke nan tun ranar farko. Ina lissafin shan mai, ita tana duba bel.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na koma garejin ni kaɗai. Na kwanta a gadon ƙaramar. A gicciye yake, kaina na taɓa bango, ƙafata na taɓa ɗayan. Sai na ɗan lanƙwasa gwiwa. A banɗakin ba a sunkuyawa, alwala sai dai a waje. Si Bushaib ya tsaya a ƙofa yana girgiza kai, wai me za ka ce wa dangi, Si Abdelilah, mutum mai suna kamarka? Na ce ya shirya takardu.

Na daɗe riƙe da biro kafin in sa hannu. Ban san dalili ba. Na sani.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yaya Larbi ya zo ganin likita, ya tarar da motar a ƙofar gida. Ya zagaya ta da sandarsa. Ya buɗe ƙofar gefe, ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya buɗe banɗakin yana zaton wani ɗaki ne.

"To ni ina zan zauna?"

Na fara bayanin shan mai da lunguna. Ya ce wannan ba mota ba ce, makara ce mai murhu. Ya ce a gidan mahaifinmu ko jaki ɗaya ne ana samar wa baƙo wuri a bayansa. Sannan ya kalli tagar kicin ya ce ya gane wanda ya yi zaɓin. Da na yi shiru da an wuce wurin, laifin ya tafi inda ya aika shi. Sai na ji bakina ya ce, "Ni na zaɓa, Yaya."

Ya tafi tasha kafin azahar, bai ci abinci ba. Bai taɓa yin haka ba. Turiya ta naɗe masa kaza da burodi ta bi shi da su har bakin titi, ta dawo idonta jajir.

Litinin, 4 ga Nuwamba, Walidiya

Mun iso da la'asar, mun tsaya a saman tudu, ruwa a ƙasanmu. Murhun yana aiki. Famfon yana ɗiga kaɗan, zan duba.

A babbar hanya mun zo mararrabar Azemmur. A danginmu ba a wuce garin ɗan'uwa ba a tsaya ba, ko da gaisuwa ce a tsaye. Ni ban taɓa ba. Na ga allon garin tun daga nesa, na rage gudu, har na kai hannu ga sigina. Sai ga shi a madubi, yana ƙanƙancewa.

Na ce wa Turiya babbar mota ce ta tare ni ta dama. Ta ce e, ta gan ta.

Babu wata mota.

Gwiwata tana ciwo, gadon nan gajere ne. Zan kira Yaya Larbi gobe. Ko jibi.